Yadda Ake Shirya Tafiyar Kwana Biyar Zuwa Wuraren Da Aka Ɗauki Fim Ɗin Goblin a Koriya Ta Kudu

A cikin fim ɗin Goblin, in jarumin ya ga dama sai ya buɗe ƙofa a birnin Seoul ya fito a Quebec ta ƙasar Kanada. Kai ba ka da wannan ƙofar. Tikitin jirgi gare ka, da biza mai wa'adi, da ƙafafu biyu masu gajiya. Daga nan shirin tafiya yake farawa, domin kyamara tana haɗe wuraren da ke nesa da juna har mai kallo ya ɗauka unguwa ɗaya ce. Yarinya ta fito daga makaranta, a sin na gaba ga ta zaune a bakin teku, alhali tsakanin wuraren biyu tafiyar awa biyu ce a jirgin ƙasa mafi gudu, sannan a ƙara da tasi.

Na zaɓi Goblin ne saboda wurarensa suna nan, ba saiti ba ne da aka gina aka rushe bayan an gama aiki. Tashar tvN ce ta nuna shi, kashi 16, daga Disambar 2016 zuwa Janairun 2017. Koriyawa suna kiransa Dokkaebi, sunan wata halitta ta tatsuniyarsu mai kama da aljani. Gong Yoo ne ya fito a matsayin sarkin yaƙin daular Goryeo da ya rayu shekara 939 da takobi a ƙirji, Kim Go-eun kuma ita ce ɗalibar da za ta zare shi. In wani fim ne ya kama zuciyarka, matakan nan za su yi maka aiki, sunayen wurare kawai za ka sauya.

Mataki na farko: sake kallon fim ɗin da biro a hannu

Wannan karon ba kallon jin daɗi ba ne. Duk sin ɗin da ya taɓa ka, tsayar da shi, ɗauki hoton fuskar wayar, ka rubuta kashi na nawa ne. Kada jerin ya wuce goma. Hotunan nan su ne za su nuna maka kusurwar da aka ajiye kyamara idan ka isa lokeshin, don sau da yawa mutum yana tsaye a wurin amma bai gane shi ba, saboda ya fuskanci gabas alhali kyamara yamma ta kalla.

Daga nan sai neman ainihin sunan kowane wuri. Bincike da rubutun Koriya ya fi ba da amsa. Kalmar da suke cewa wurin ɗaukar fim ita ce 촬영지, sunan fim ɗin kuma 도깨비. Kwafi su biyun a jere ka liƙa a Naver, wanda shi ne injin binciken da mutanen ƙasar suka fi amfani da shi, sai ka bar manhajar fassara ta Papago ta karanta maka. Ka dubi kwanan watan kowane bayani. Gidan shayi ko shagon kaji da ya fito a fim a 2016 ƙila yau ya koma shagon sayar da waya. Katangar fada da bakin teku da daji ba sa gudu, shi ya sa na fi son a gina tafiya a kansu.

Mataki na biyu: zuba su a taswira, sannan ka fara yanka

Sauke Naver Map ko KakaoMap tun kana gida, duka biyun ana iya juya su zuwa Turanci. Google Maps ba ta da ƙarfi a Koriya wajen nuna hanyar ƙafa, kada ka jingina da ita. Sa alama a kan kowane wuri, sai ka ja taswirar baya ka ga yadda suka watsu. Na Goblin kashi huɗu suke faɗawa.

Akwai na tsakiyar Seoul: layin katangar dutse na Gamgodang-gil inda jarumin da ɗalibar suka fara gifta juna cikin ruwan sama, tsohon gidan bene irin ginin Turai da ke bayan fadar Unhyeongung wanda aka nuna a matsayin gidan jarumin, makarantar sakandaren Choong Ang, katangar fadar Deoksugung, da gadar ƙafa ta tashar Yongdap. Akwai na Incheon a yamma, wato kantin tsofaffin littattafai mai ruwan ɗorawa a layin Baedari. Akwai na gabas, a lardin Gangwon: shingen duwatsun Jumunjin da ya kutsa cikin teku, da dajin da ke gaban wurin bautar Woljeongsa. Sai na nesa: gonar furanni a Gochang can kudu maso yamma, da Quebec.

Yanke Quebec, wannan wata biza ce da wata nahiya. Yanke Gochang ma, ko da ranka bai so ba. Gonar tana da kyau, amma furen memil, wani hatsi ne nasu mai fararen furanni ƙanana, a watan Satumba yake fitowa a can, kuma zuwa da dawowa zai cinye maka yini guda cikin biyar. In a Satumban za ka je, akwai gonakin memil a Bongpyeong cikin gundumar Pyeongchang, a kan hanyarka ta gabas. Ba nan aka ɗauki sin ɗin ba, amma furen dai shi ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala: wanda ya ce sai ya taka wuri goma sha biyu cikin kwana biyar, tagar jirgin ƙasa zai yi ta kallo.

Mataki na uku: zaɓi wata

Nan sai ka tambayi kanka wane sin ne ya kawo ka. In na daji ne, inda suke tsaye dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, to sai tsakanin ƙarshen Disamba da Fabrairu, kuma ka sani sanyin duwatsun Pyeongchang yana sauka ƙasa da sifiri da nisa. Hunturun Jos ko na Agadas wasa ne a gefensa. Rigar sanyin da ka saya a kasuwar gwanjo ba za ta isa ba sai ka haɗa da ta ciki mai kama jiki, safar hannu, hula mai rufe kunne, da takalmin da ba ya santsi. Kuma dusar ba alkawari ta yi maka ba, kana iya zuwa ka tarar da busasshiyar ƙasa.

A ganina Satumba zuwa Oktoba ya fi wa mutumin ƙasarmu. Gari ya yi sanyi-sanyi, sama ta washe, a ƙarshen Oktoba ganyaye suna rinewa ja da rawaya. Ka guji ƙarshen Yuni da Yuli, lokacin damina ce mai zuba ba ƙaƙƙautawa. Ka kuma duba kalanda don bukukuwan Chuseok da Seollal. Na farko yana faɗowa a Satumba ko Oktoba, na biyu a Janairu ko Fabrairu, kwanakinsu suna motsi kowace shekara saboda lissafin wata ne. A ranakun nan kowa yana komawa garinsu kamar jajiberin sallah, tikitin jirgin ƙasa yana ƙarewa tun da wuri.

Mataki na huɗu: jera kwanakin

Wannan shi ne ƙashin bayan shirin, kuma abubuwa uku ne suke juya shi. Masallacin Juma'a yana Seoul. Makarantar Choong Ang makaranta ce mai ɗalibai, ranar karatu ba a barin baƙo ya shiga. Shingen Jumunjin kuwa Asabar da Lahadi layi ake bi kafin a ɗauki hoto. Idan ka haɗa ukun, tsarin yana fitowa da kansa: ka sauka Alhamis, Juma'a da Asabar a Seoul da Incheon, Lahadi ka nufi gabas daidai lokacin da mutanen Seoul suke juyowa gida, Litinin teku da daji, Talata da dare ka tashi. Da kwanan hanya, zuwa da dawowa, mako guda ke nan daga gida zuwa gida. Ka nemi hutun wurin aiki a kan haka.

Wani abin lura: fadar Deoksugung da Unhyeongung a rufe suke ran Litinin, Gyeongbokgung kuma ran Talata. Tsarin nan ya kauce musu.

Mataki na biyar: biza da tikiti

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai fasfo ɗin Najeriya yana bukatar biza, kuma ofishin jakadancin Koriya ta Kudu yana Abuja. Bizar yawon buɗe ido ta ɗan gajeren zama ake nema, lambarta C-3-9. Za a so ganin fasfo mai sauran wa'adi, hoto, bayanan asusun banki na watannin baya, takardar wurin aiki ko ta rajistar kasuwanci, da shaidar inda za ka kwana. Jerin takardun yana sauyawa, don haka ka karanta na ofishin da kanka a shafinsu, kada ka tsaya ga abin da dillali ya gaya maka. Ka fara da wata biyu ko uku kafin ranar tafiya.

Jadawalin da ka tsara a mataki na huɗu, buga shi a takarda ɗaya ka haɗa: rana, gari, otal, wurin da za ka je. Abin da jami'i yake son ya gani shi ne mutumin da ya san inda za shi da ranar da zai koma. Kada ka cusa kuɗin aro a asusu ana saura mako ka miƙa takardu, ramin ƙarya ƙurarre ne. Otal kuma ka kama wanda ake sokewa ba tare da asara ba, tikitin da ba a mayar da kuɗinsa ka bar shi sai biza ta fito.

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Incheon, inda babban filin jirgin saman Seoul yake. Ana sauya jirgi a Addis Ababa, ko Doha, ko Dubai, ko Istanbul, kuma da jiran tasha tafiyar tana kusan kwana guda. Agogon Koriya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa takwas. Ma'ana ƙarfe goma na darensu, jikinka yana cewa ƙarfe biyu ne na rana. Daren farko barci zai ƙi zuwa, safiyar Juma'a kuma tashi zai yi wuya, shi ya sa ban sa komai da sassafe a ranar ba. Katin rigakafin zazzaɓin shawara ya kasance cikin fasfo.

Mataki na shida: kuɗi, waya da masauki

Kuɗinsu won ne. Kati yana aiki kusan ko'ina, amma katin naira ba abin dogaro ba ne a waje, don haka ka riƙe katin dala da kuma tsabar dala. Canja kaɗan a filin jirgi, sauran a wurin 'yan canjin Myeongdong inda farashi ya fi. A filin jirgin ka sayi layin waya mai data da katin T-money, wanda da shi ake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas, har da tasi. Da tsabar kuɗi ake loda shi, a injin tasha ko a ƙananan shagunan da ba sa rufewa irin su CU da GS25. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayye, namu mai ƙafa uku ba ya shiga, sai da adafta.

Daga filin jirgi, jirgin ƙasa na AREX yana kai ka tashar Seoul: mai gudu minti 43 daga tasha ta ɗaya ta filin jirgin, mai tsaye-tsaye kusan awa guda kuma ya fi araha. Masauki ka neme shi tsakanin Jongno da Insadong. Daga nan rabin wuraren Seoul da ƙafa za ka je. Wasu sun fi son Itaewon saboda abincin halal, amma unguwar tudu ce, kuma kullum sai ka shiga jirgi kafin ka fara yini.

Tikitin KTX, jirgin ƙasa mai gudun gaske, ana buɗe sayar da shi wata guda kafin ranar a shafin Korail. Saya tun kana gida: Seoul zuwa Gangneung ran Lahadi, Gangneung zuwa Jinbu ran Litinin da hantsi, Jinbu zuwa Seoul da yamma. Zuwa Gangneung bai kai won 30,000 ba.

Juma'a

Yi barcinka. Wajen sha ɗaya ka shiga layi na 6 zuwa tashar Itaewon, ka hau tudu zuwa Babban Masallacin Seoul, wanda aka buɗe a 1976. Ka je da wuri, yana cika har harabar waje. Layin da ke gangarowa daga masallacin cike yake da gidajen abincin halal, na Turkawa da Pakistan da Indunusiya, har da masu dafa abincin Koriya da naman yanka. A nan za ka ɗanɗana bulgogi, gasasshen namansu, hankali kwance. Sayi guzurin da zai kai ka gabas, don can ba za ka samu irin wannan ba.

Bayan la'asar sai tashar City Hall, katangar Deoksugung tana nan da fitowarka. A fim, a jikin katangar nan ne ƙofar gidan shayin manzon mutuwa, wato mai raka rayukan matattu, take. Kada ka wahalar da kanka neman ta, babu ita, dutse ne kawai. Hanyar da kanta ta isa a zo dominta, ga itatuwa ga natsuwa a tsakiyar birni mai mutum kusan miliyan goma. Mutanen Seoul suna da camfin cewa masoyan da suka bi ta tare za su rabu, wai saboda a da kotun da ke raba aure a ƙarshen layin take. In da maiɗakinka kuka je, ka adana wannan labarin sai kun fita. Shiga fadar won 1,000 ne.

Gadar Yongdap ka bar ta sai magariba ta kusa. Layi na 2 za ka bi, amma akwai tarko: tashar tana kan ƙaramin reshe, sai ka sauka a Seongsu ka sauya zuwa jirgin da ke nufar Sinseol-dong. Gadar tana manne da tashar, a kan rafin Cheonggyecheon. Nan ne tsohuwa ta baza kolinta da zoben nan, nan manzon mutuwa ya ga mai shagon kaji hawaye suka zubo masa bai san dalili ba. Da rana gada ce kamar kowace, 'yan unguwa na wucewa da kekunansu. Sai fitilu sun kama take komawa wadda ka sani.

Asabar

Ka fito da wuri zuwa tashar Anguk a layi na 3. Ƙofa ta ɗaya tana kai ka Gamgodang-gil, siririn layi tsakanin katangun makarantun 'yan mata na Duksung, wanda ya miƙe zuwa laburaren Jeongdok. Ƙarfe takwas na safe kai kaɗai ne, ƙarfe sha ɗaya ba ka samun wurin tsayawa. In Allah ya sa an wayi gari da yayyafi, kada ka ce ranar ta ɓaci, ai sin ɗin cikin ruwa aka yi shi. Sayi lema a shagon kusurwa.

Daga nan ka haura ta unguwar Bukchon zuwa makarantar Choong Ang, mai ginin dutse kamar tsohuwar jami'ar Turai. In ƙofa a buɗe take, shiga cikin ladabi. In mai gadi ya girgiza kai, ɗauki hotonka daga waje ka juya. Bukchon unguwa ce da mutane suke kwana a cikinta, kuma sun gaji da hayaniyar baƙi, har hukuma ta hana baƙi shiga layin da ya fi cunkoso sai tsakanin goma na safe da biyar na yamma, da tarar won 100,000 ga wanda ya saɓa. Ka rage murya, kada ka leƙa gidan kowa.

Gidan jarumin kuwa, ka rage buri. Ginin yana cikin harabar jami'ar mata ta Duksung, bayan fadar Unhyeongung, kusa da ƙofa ta huɗu ta tashar Anguk. Yawanci daga nesa ake hango shi, kuma ya fi na fim ƙanƙanta. Katon falon nan mai kyandirori a situdiyo aka gina shi. Fadar Unhyeongung kanta kyauta ake shiga, gidan mahaifin Sarki Gojong ne, kuma daga tsakar gidanta ana ganin saman benen.

Da rana ka kama layi na 1 zuwa tashar Dongincheon, tafiyar kamar awa guda, ka lura ka shiga mai zuwa Incheon don layin yana rabuwa biyu a Guro. Layin Baedari ya samo asali ne bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, lokacin da mutane suke baza tsofaffin littattafai don neman na abinci. Kantin Hanmi mai fentin ɗorawa ba ya ɓacewa. Sana'ar mutane ce: nemi izini kafin hoto a ciki, kada ka tare ƙofa, ka sayi ko da ƙaramin littafi ne da ba za ka iya karantawa ba. In ƙafarka ta gaji tun safe, wannan ne wurin da zan ce ka sadaukar.

Lahadi da Litinin

Bar babbar jaka a otal ɗin Seoul, yawancinsu suna ajiyewa, ka ɗauki ta goyo. KTX yana kai ka Gangneung cikin kusan awa biyu, ta ramukan da aka huda cikin duwatsu. An buɗe layin a Disambar 2017 saboda gasar Olamfik ta hunturu ta Pyeongchang a 2018, wato lokacin da ake ɗaukar fim ɗin ma babu shi. Daga tashar zuwa Jumunjin kimanin kilomita ashirin ne arewa. Akwai bas, amma tasi ta manhajar Kakao T ya fi sauƙi. Kama ɗaki a bakin tekun Yeongjin, inda za ka iya takawa zuwa shingen.

Dalilin kwana a nan ɗaya ne: asuba. Gabar gabas ce, rana daga cikin teku take fitowa. Yi sallah, alƙibla yamma ce da ɗan karkata arewa, ka fito kafin gari ya waye. A wannan shingen ne yarinyar ta zauna da kek ɗin ranar haihuwarta, ta hura kyandir, sai ga shi tsaye da furannin memil a hannu. Shingaye ne da dama a jere masu kama da juna, nan hoton da ka ajiye a waya zai yi amfani, ga kuma allon da aka kafa a bakin na gaskiyar. Siriri ne, gajere, minti biyu ka kai ƙarshensa. Da rana mutane suna jeruwa, kowa ya shiga ya yi hotonsa ya fito, akwai ma masu ba da hayar jan mayafin wuya da furen roba. Da asuba sai kai da masunta da tsuntsaye. Ka zo da naka jan mayafin daga gida in kana so, 'yan'uwa mata kuwa jan gyale ya wadatar.

Abu ɗaya ba na wasa ba: igiyar ruwan wannan gabar tana tasowa ba sallama ta haye shingen, ko da sama a washe take. In ka ga duwatsun a jiƙe har sama, ko an ɗaure igiya a bakin shiga, tsaya a kan yashi. Ba ka iya ruwa irin wannan ba.

Abinci a gabas ya fi sauƙi fiye da yadda ake tsoro, saboda garin masunta ne. Kasuwar kifin Jumunjin tana da gasasshen kifi da kaguwa. Gangneung ta yi suna da awara mai taushi ta unguwar Chodang, wadda ake daskarar da ita da ruwan teku, ba soyayya irin tamu ba, cikin romo ake shan ta. Amma ka tambaya kullum, don naman alade yana ɓuya a miya da cikin naɗin shinkafar gimbap, ana kuma zuba giyar girki a wasu miyoyin. Sunansa dwaeji-gogi. Rubuta a Papago cewa ba ka cin alade da giya, adana hoton, ka nuna kafin ka zauna. Buta kuma babu a banɗakinsu, ƙaramar gora a jaka ta raba gardama.

Da hantsi koma tashar Gangneung ka hau zuwa Jinbu, tasha ɗaya ce a baya, minti ashirin ko ƙasa da haka. Ba kowane KTX ne ke tsayawa a nan ba, shi ya sa na ce ka sayi tikitin tun da wuri. Bas zuwa Woljeongsa jefi-jefi ne, ɗauki tasi, ka ce ya sauke ka a Iljumun, ƙofar farko, ba a wurin ajiye motoci na ciki ba. Daga wannan ƙofar dajin yake farawa: hanyar ƙasa ta kusan kilomita ɗaya a gefen rafi, tsakanin dogayen itatuwa sama da dubu masu ganye kamar allura, waɗanda ba sa kaɗewa ko da hunturu. In ka bari aka kai ka ciki, ta baya za ka bi ta. Nan ne wurin da zan ce ka ajiye waya a aljihu na ɗan lokaci. Iskar tana da ƙamshi, ba ƙarar mota, kuma ko wanda bai taɓa kallon fim ɗin ba zai so ya zauna.

A ƙarshen hanyar wurin bautar mabiya Buddha ne, wanda aka kafa a shekarar 643 zamanin daular Silla. Ba dole ka shiga ɗakunan ibadarsu ba. A tsakar gida akwai hasumiyar dutse mai hawa tara da kusurwa takwas, ginin zamanin Goryeo, daular da aka ce jarumin ya yi wa yaƙi. Gidajen abincin da ke gindin dutsen suna yin shinkafa da ganyayen daji, ka ce a bar nama. Kafin direban tasin ya tafi, karɓi lambarsa ko ku yi alkawarin lokaci, don samun mota daga can da yamma sai an yi jira. In ka maƙale, lambar 1330 ta taimakon baƙi ce, ana amsawa da Turanci.

Talata

Jiragen da ke komawa ta Addis Ababa da Doha da Dubai yawanci da dare suke tashi, don haka kana da yini guda a hannu. Kada ka cika shi tun daga gida. Shi ne ranar biyan bashi: in ruwa ya hana ka gadar Yongdap, ko ka ga Gamgodang-gil cikin cunkoso kana son ganinsa shiru, yau ce ranar. In babu bashi, tsaraba a kasuwar Namdaemun. Ka bar tsakiyar gari saura awa huɗu jirgi ya tashi, ka kuma duba tikitinka ko tasha ta ɗaya ce ko ta biyu, don akwai tazara tsakaninsu kuma AREX yana tsayawa a kowace daban. Akwai ɗakin sallah a filin jirgin, tambayi teburin bayanai su nuna maka. Ragowar kuɗin da ke cikin T-money kana iya karɓarsa a shagon CU ko GS25, za su cire ɗan lada, ko ka ƙarar da shi a ruwa da biskit na hanya.